Mai son ganin raƙuman dawa a Kure, ya duba lokaci kafin ya sayi mai

Ƴan uwa na Yamai, in za ku kai yara kallon raƙuman dawa, ku fara tambayar kanku: damina ce ko rani?

Da damina suna kan tudun Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai a hanyar Doso. Kusa ne.
Da rani kuwa yawancinsu sukan gangara kwarin Dallol Boso. Kar ka ƙona mai kana kewaya tudu a watan Maris.

Dalili shi ne gawo. Shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, lokacin da dajin tudu ya bushe. Dabbar kuma cikinta take bi. Inda gawo ya yi yawa, nan za ka same ta.

Ka fita da asuba. Rana na take tsaka, sai su lafe a inuwa.
Ka ɗauki ɗan jagora na wurin. Kuɗinsa bai kai man da za ka ɓata kana lalube ba, kuma mutanen ƙauyen da raƙuman ke ci musu wake su ma su ga amfanin haƙurinsu.
Ku haɗa gida biyu a mota ɗaya.

Inda dabarar ba ta ci: farkon damina da ƙarshenta, suna warwatse a hanya.
Sai maganar tsaro. Tun harin da ƴan bindiga suka kai a Kure a watan Agusta 2020 ba a zuwa can kai tsaye haka nan. Ka tambayi jami'an gandun daji tukuna. In sun ce a dakata, ka dakata.