Yadda za ka gane ko ƙarin albashin nan ya shigo gidanka

Tun da Tinubu ya sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 a Yulin 2024, daga dubu 30 ɗin da Buhari ya yi a 2019, mutane ke ta cewa ai ma'aikata sun warke. To kafin ka yarda, ɗauko biro da takarda tukuna.

Fara da alat ɗin da ya faɗo wayarka, ka bar abin da ka ji a rediyo. Kano ta ce dubu 71, Kaduna 72, amma fa wannan na ƙaramin ma'aikaci ne, in kana mataki na 8 ko na 10 ba ninka maka za a yi ba, ɗan wani abu ake ɗorawa, a cire na fansho a cire na ƙungiya, in akwai bashin banki shi ma ya wafce nasa tun kafin ka gani.

Sai ka auna da kwano. Albashinka na da kwanon masara nawa yake saya, na yanzu nawa yake saya? Haka shinkafa, haka man girki. In ka manta farashin da tambayi uwargida, wallahi ta fi ka riƙe wannan lissafin. Kar ka tsallake kuɗin mota, litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a Mayun 2023, ƙarshen 2024 kuwa ta haura dubu, kuma kullum sai ka fita aiki.

Sannan ƙirga bakunan da ke ci a tukunyarka. Ƙaninka da ke tsaron shago ko koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi, dokar ba ta tilasta wa wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shi tsadar kawai ya samu, kuma in ta matse shi ƙofarka zai ƙwanƙwasa.

In an samu rara, fara biyan mai shagon unguwa don littafin bashin nan shi ke cinye albashi tun kafin ya zo. Saura ka zuba adashi, ka roƙi a ba ka kwasa lokacin kaka ka sayi buhun masara ko gero ka ajiye. Ariyas, wato kuɗin ƙarin watannin baya da ba a biya ka ba, in ya faɗo ka kai wa mai gidan haya, dama shi ma ya ji labarin ƙarin a rediyo.