Ga masu shirin shiga karaoke a Japan

Salam 'yan uwa, musamman sababbin ɗalibai da suka iso Japan, ko ba jima ko ba daɗe sai 'yan lab ɗinku sun ja ku karaoke, wato inda inji ke kunna kiɗa mutum yana rera waƙar da kansa, kuma makirufo zai zagayo kanku, to gara mutum ya shirya waƙa biyu tun daga gida.

Kar ku fara da waƙar da ake yayi don kawai ta yi tashe a TikTok, irin Idol ta YOASOBI gudu gare ta kamar an kunna janareta, rubutun waƙar da ke kan allo zai wuce kafin ka gama haɗa baƙi. Ku nemi mai tafiya a hankali. Ue o Muite Arukou ta Sakamoto Kyu, tun 1961 take, Amurkawa suna ce mata Sukiyaki, kalmominta kaɗan ne kuma maimaitawa ake yi, har farfesanku ya san ta. Sekai ni Hitotsu Dake no Hana ta SMAP ma haka, kana kama amshi kowa zai taya ka, muryarka ta ɓuya a cikin jama'a.

Lemon ta Yonezu Kenshi akwai daɗi amma tana hawa sama, ni dai ban ba sabon shiga shawararta ba.

Injinan karaoke galibi DAM ne ko JOYSOUND, suna ɗora hiragana (baƙaƙen Japananci masu sauƙin karantawa) ƙanana a saman kanji (baƙaƙen da aka aro daga Sinanci), don haka hiragana ɗinka ta zauna sosai. In waƙa ta fi ƙarfin maƙogwaro akwai maɓallin key a rimot, mai ɗaga ko sauke sautin kiɗan, sauke ta biyu ko uku, ba wanda zai ce komai. Abin sha kuma ka ce oolong-cha kawai, wato shayin oolong.