Zafin sauna da wankan ruwan sanyi ga mai ciwon suga: yadda ake yi, da wanda bai kamata ya kusanci abin ba

Kwanan nan duk inda ka leƙa a TikTok sai ka ga wani bature ya fito daga ɗakin sauna, wato ɗaki mai tsananin zafi da ake shiga don a yi gumi, yana ɗigar da gumi ya faɗa bahon ƙanƙara, a ƙasa an rubuta wai maganin suga ne. Mu ma nan Kano maganar ta iso majalisa, har an fara cewa ko a gwada wa Baba ko Hajiya. Gaskiya akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ɗan taimako ne kawai yake yi a gefen magani da gyaran abinci da tafiyar ƙafa, baya maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu, kuma mai suga yana da wuraren da zafi da sanyi za su iya yi masa illar da ba za su yi wa mai lafiya ba.

Bari mu fara da inda maganar ta samo asali. A 1999 wani likita a Amurka, Philip Hooper, ya sa mutum 8 masu suga nau'i na biyu suna zama cikin bahon ruwan zafi minti 30 kullum, kwana 6 a sati, har sati 3. Sugansu na safe ya sauka daga wajen 182 zuwa 159, gwajin HbA1c ma, wato gwajin jini da yake nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, ya ragu da kusan maki 1. A 2015 kuma masu bincike a Maastricht ta ƙasar Holan suka ajiye masu suga 8 a ɗaki mai sanyin digiri 14 zuwa 15, har zuwa awa 6 a rana na tsawon kwana 10, sai suka ga yadda jikinsu yake karɓar insulin, sinadarin da yake sauke suga a jini, ya ƙaru da kusan kashi 43 cikin 100. Ka lura fa, wannan iska mai sanyi ce ta tsawon awanni, ba tsalle cikin ƙanƙara na minti biyu ba. Shi kuwa babban binciken sauna da kowa yake ambato, na garin Kuopio a Finland wanda ya bi maza 2,315 kusan shekara 20, a kan zuciya aka yi shi, an ga masu shiga sau 4 zuwa 7 a sati ba su cika mutuwar fuju'a ta zuciya kamar masu shiga sau ɗaya ba. Toh ka ga na sugan kansa mutum takwas-takwas ne, shi yasa ni dai duk wanda ya ce maka ka ajiye ƙwayar maganin suga irin su metformin ka koma baho, ka yi masa sallama ka tashi.

Dalilin da yasa abin yake ɗan aiki ba wani ɓoyayye bane. Zafi yana buɗe jijiyoyin jini, jini ya rinƙa gudu sosai zuwa fata da tsoka, bugun zuciya ya ƙaru kamar kana tafiya da ɗan sauri. Sanyi kuma yana tilasta wa jiki ƙona makamashi don ya ɗumama kansa, musamman in an fara makyarkyata, tsoka sai ta jawo suga daga cikin jini.

Kafin komai ka je wajen likitanka ranar kilinik, ko a asibitin Malam Aminu Kano kake ganin likita ko Murtala ko Nassarawa, ka faɗa masa ƙarara abin da kake son yi ka nuna masa duk magungunan da kake sha. Akwai waɗanda maganar ma bata taso ba a kansu: mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, wanda suga ya taɓa masa ƙoda ko ido, mace mai ciki, wanda yake jin jiri in ya miƙe tsaye, da duk mai miki a ƙafa komai ƙanƙantarsa. Maganar zuciya ba tsoratarwa bace, mu Hausawa ma muna da tarihinta, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da yake kama masu jego da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon da aka hura wa wuta a ƙasa da kunun kanwa. Zafi aiki yake ƙara wa zuciya, in dama ta gaji sai ya ƙarasa ta.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa. Na'urar gwajin suga da tsinkenta, ma'aunin zafi da za a iya tsomawa a ruwa, ruwan sha mai yawa, agogo, da abin ceto a kusa da hannu wato sukari ƙwaya 3 zuwa 4 ko zuma cokali ɗaya ko rabin kwalbar lemo. Sai mutum ɗaya da zai zauna kusa, kuma kar ka sa sakata a ƙofar banɗaki. Na'urar da tsinken da insulin a bar su a waje a inuwa, zafi yana lalata su, in ka shiga da su ciki lambar ƙarya za su baka.

Ka gwada suga kafin ka fara. In yana ƙasa da 100, wato kamar 5.5 a na'urorin da suke karanta ƙananan lambobi, ka fara cin wani abu tukun. In ya haura 250, wajen 14 kenan, ka haƙura ranar, don jikin da suga ya hau dama yana zubar da ruwa ta fitsari, ka ƙara masa gumi a kai sai jini ya yi kauri sugan ya ƙara hawa.

Masu allurar insulin ku ne za ku fi buɗe kunne a nan. Tun 1980 wani likita ɗan Finland mai suna Koivisto ya nuna cewa cikin sauna insulin ɗin da aka yi a ƙarƙashin fata yana shiga jini da sauri kusan ninki biyu. Ma'ana allurar da ka saba tana aiki a hankali sai ta zubo gaba ɗaya, suga ya faɗi warwas. Saboda haka kar ka yi allura ka wuce zafi, ka bar tazarar awa biyu ko fiye. Masu shan glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil a kemis, da masu gliclazide su ma sugansu yana iya faɗuwa. Abin da yafi haɗari shine alamomin faɗuwar suga su ne gumi, karkarwa, bugun zuciya da jiri, kuma su ɗin dai zafi yake kawowa, kana zaune kana cewa ai aiki yake yi ashe sugan ne ya koma 55. Da ka ji wani iri kar ka tsaya lissafi, fito ka gwada, in ƙasa da 70 ne ko 3.9 ka sha abin zaƙin nan, ka jira minti 15 ka sake gwadawa.

In ka samu ɗakin sauna na gaske a wani babban otal ko wurin motsa jiki, zafinsa yakan kai digiri 70 zuwa 100. Ka sha ruwa kofi biyu kafin ka shiga, ka zauna a benci na ƙasa don zafi sama yake taruwa, ka fara da minti 5 ka fito. Bayan wasu satuttuka in komai lafiya ka kai 10, iyaka 15, babu wata gasar jarumta a ciki. Ka shimfiɗa tawul ka sa silifas, kar tafin ƙafarka ya taɓa katako ko ƙarfe mai zafi.

Mafi yawanmu dai a gida za mu yi, kuma bahon ruwan ɗumi ya wadatar, shi ne ma aka gwada a kan masu suga. Digiri 38 zuwa 40, minti 10 a farko, daga baya 15 zuwa 20, sau uku a sati ya isa farawa. Dan Allah kar a auna zafin ruwa da ƙafa. Mai suga da ya daɗe da ciwon jijiyoyin ƙafarsa sukan mutu a hankali, wannan da ake cewa ina jin ƙafata kamar na taka auduga ko tana min zugi da dare, irin wannan ƙafar sai ta sale cikin ruwan zafi mai ita bai sani ba, kuma ƙuna a ƙafar mai suga ita ce farkon mikin da yake ƙin warkewa har a kai ga maganar yankewa. In babu ma'auni a tsoma gwiwar hannu, ko wani mai lafiya ya taɓa. Haka ruwan tankin da ya kwana ya wuni a rana lokacin bazara, da azahar yana iya fitowa da zafin da baka zata ba. Wanda ƙafarsa ta riga ta fara wannan mutuwar gara ya bar jiƙa ta gaba ɗaya.

Wani abu da nake jin tsoro shine dabarar haɗa sauna ta gida da kaskon gawayi a ɗaki a rufe ƙofa da taga. Kar a yi, ko da wasa. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda bata da wari bata da launi, mutum barci kawai zai ji ya kwanta shikenan. Sirace da bargo da tukunyar ruwa shi ma ba sauna bane, haɗarinsa tukunyar ta kife a cinya ko ƙafa.

Sai maganar sanyi. Bayan ka fito daga zafi kar ka zarce cikin ruwan sanyi kamar yadda suke yi a bidiyo, ka zauna minti 5 zuwa 10 jiki ya huce, ka sha ruwa, ka miƙe a hankali. Ruwan da ya yi ƙasa da digiri 15 in ya bugi jiki lokaci ɗaya numfashi yana sarƙewa, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau nan take, ga mai shekara 55 da suga da hawan jini wannan ba ƙaramin abu bane. Fara da ruwan randa ko na bokitin da ya kwana a waje, ka zuba da kofi daga hannu da ƙafa zuwa kafaɗa, kai ne ƙarshe, sakan 30 ya isa ranar farko, a hankali ka kai minti 1 zuwa 2 kana fitar da numfashi a nutse. Ƙanƙarar da ake sayowa a leda ba dole bace, lokacin hunturu ma, Disamba da Janairu, ruwan asuba a garin nan shi kaɗai ya ishe ka. Kuma a baho ko bokiti za a yi, banda kududdufi, banda dam ɗin Tiga ko bakin Challawa. Kar ka yi mamaki in ka gwada bayan wankan sanyi ka ga suga ya ɗan hau, firgitar da jiki ya yi ce take sa hanta ta saki suga, yakan sauko daga baya.

Da ka gama ka goge jiki sosai, musamman tsakanin yatsun ƙafa, ka duba tafin ƙafar da madubi ko ka sa yaro ya duba maka ko akwai ja ko bororo ko tsagewa, ka shafa mai amma banda tsakanin yatsu. Ka gwada suga bayan minti 30, ka sake kafin kwanciya don faɗuwar tana iya zuwa a makare. Ruwa zalla za ka sha ko zoɓo mara sukari, ba lemon kwalba ba sai in sugan ne ya faɗi.

Lokaci ma yana da nasa. Watan Maris zuwa Mayu da Kano take haura digiri 40 ga rashin wuta, gaskiya ban ga dalilin ƙara wa jiki wani zafin ba, a wannan lokacin ɓangaren ruwan sanyin kawai za ka riƙe. Da azumi kuwa ba a shiga zafi da rana sam, babu ruwa a jiki babu halin sha, haka ranar da kake zazzaɓi ko gudawa ko amai. Masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari su ƙara kula da shan ruwa.

Ka samu ɗan littafi ka rinƙa rubuta kwanan wata, suga kafin, suga bayan, minti nawa ka yi, da yadda ka ji. Bayan wata 3 ka yi gwajin HbA1c ka kai wa likita tare da littafin, in lambobin sun sauka shi ne zai ce a rage magani ko a bar shi yadda yake, kar ka rage da kanka. In kuma wata ukun ya cika baka ga wani canji ba, ka mayar da wannan lokacin kan tafiyar minti 30 bayan la'asar ko bayan cin abincin dare, ita hujjarta tafi ƙarfi nesa ba kusa ba kuma ko gas ɗin dafa ruwa ba za ta ci maka ba.