Mai cutar lupus da ta ƙaura zuwa Damagaram

Idan kin baro Nijeriya da cutar lupus, wato cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mutum da kansa, ki taho da takardun gwajin jininki da sunayen magungunanki na asali, ba sunayen kamfani ba, domin a nan da Faransanci ake rubuta takardar magani. Ki fara zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram, ki nemi likitan cututtukan cikin jiki, wanda zai tura ki wurin ƙwararren likitan gaɓoɓi idan hali ya buƙata. Ki roƙi a gwada fitsarinki, saboda cutar kan taɓa ƙoda ba tare da ciwo ba. Kada ki daina shan prednisone, maganin rage kumburi, farat ɗaya ko da ya kusa ƙarewa, hakan haɗari ne sosai. Zafin ranar Damagaram kan tayar da cutar, don haka ki rufe jikinki.