Samo wa taransfomar tsohon jirgin ƙasan wasa waya irin ta da

Masu yawan tambayata yadda ake canza wayar wutar taransfomar (na'urar da ke ba jirgin wuta), ga matakan:

1. Zare taransfomar daga soket.
2. Karanta rubutun jikinta. Hattara: taransfomomi 'yan Amurka irin na kamfanin Lionel wutar volt 110 zuwa 120 suke ci, tamu kuwa 230 ce. In babu na'urar rage ƙarfin wuta, nan take za ta ƙone.
3. Yanko guntun tsohuwar wayar.
4. Tafi da shi wajen masu kayan wuta a Kasuwar Sabon Gari.
5. In mai rigar zare ce, nemi wayar dutsen guga, ita ta fi kama da ita.
6. Gwada kaurin tagullar ciki. Kada ka karɓi wadda ta fi tsohuwar siranta, komai kyanta.
7. Kai wa mai gyaran rediyo ya ɗaura.