Kafin ku kai mage a cire mata farce

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon mage a Jidda da Makka. Duk wanda mage ta yage masa kujera ko labule a gidan haya yakan fara tunanin kai ta a cire mata farce gaba ɗaya. Don Allah a dakata. Wannan tiyatar, ƙashin ƙarshe na kowane yatsa ake guntulewa, kamar a sare wa mutum yatsa daga gaɓar da ke kusa da farce. Bayan haka wasu magunan sukan riƙa ɗingishi, su koma cizo, su kuma ƙi shiga yashin bayan gida saboda yana sukar musu ƙafa. Shi ya sa Ingila ta haramta, jihar New York ma ta bi a 2019.

Abin yi shi ne yankan farce duk mako biyu zuwa uku. Mage na da farce 18, biyar a kowace ƙafar gaba, huɗu a kowace ta baya. Ku bari sai ta ƙoshi tana gyangyaɗi, ku matsa tafin ƙafar a hankali farcen zai fito. Farin bakin kawai za a datse, a bar kamar milimita 2 kafin wurin da ya yi ja-ja, domin jijiya da jini suna nan. In an yi kuskure jini ya fito, a danna garin masara a wurin na ɗan lokaci.

Sannan a kafa mata itace mai tsawon kamar santimita 80, a naɗe shi da igiya mai kauri, a ajiye dab da kujerar da take karta. Ya tsaya daram, in yana girgiɗi ba za ta kula shi ba.