Yadda Ake Ƙara wa Motar Gudu Ƙarfi Ba Tare da An Kashe Ta Ba

Yawancin masu sayen motar gudu, tambayarsu ta farko ita ce yadda za a ƙara wa inji ƙarfi. Alhali kuwa shi ne aikin ƙarshe. Mota irin Mazda MX-5 ko Toyota 86 ko Nissan 350Z, kamfani ya auna birkinta da tayoyinta da lagiretonta daidai da ƙarfin da ya ba injin. In ka ƙara ƙarfi ka bar sauran yadda suke, za ka samu mota mai saurin ɗiba wadda ba ta tsayawa, ba ta kuma jure zafi. Daga ƙasa ake faro aikin: lafiyar motar, sai taya, birki, ƙafafu, sanyaya inji, sannan a taɓa ƙarfi.

A fara sanin lafiyarta

Kafin ka sayi ko da noti ɗaya, a auna matsin silinda. Injin ya ɗau ɗumi tukuna, a kwance fulogai duka, a cire fiyus ɗin famfon mai, a take totur har ƙasa, sannan a murza makulli ana karanta geji silinda bayan silinda. Tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta gaza, a ɗiga mata baƙin mai kamar cokali guda ta ramin fulogi a sake awo. In lambar ta tashi, ringin fistin ne ya cinye. In ba ta motsa ba, a zargi bawul ko gasket.

Kowace mota kuma da inda bangonta ya saba tsagewa. Mazda RX-8 injinta ba na fistin ba ne, da na'ura ta musamman ake auna matsinsa, kuma in tana wuyar tashi bayan ta yi zafi, matsin ne ya fara gudu. BMW M3 ƙirar E46 a leƙa ƙarƙashinta ta baya, inda ƙafafu ke ɗaure da bodi, don wurin yana tsagewa. Subaru mai injin EJ25 da turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, fistin ɗinta yakan fashe a tsakanin ringi in aka matsa masa. Daga nan a canja duk wani ruwa da ke jikin motar: baƙin mai, man giya, ruwan lagireto, man birki.

Taya da wili

Ɗiba da tsayawa da shan kwana, duk ta tayoyi huɗun nan mota ke yinsu, kuma abin da ke taɓa kwalta a jikin kowace bai fi tafin hannu da yawa ba. Babu kuɗin da ke nuna kansa a tuƙi kamar kuɗin taya mai kyau.

Ka iya karanta rubutun gefenta. In ka ga 225/45 R17 91W, faɗinta milimita 225 ne, tsayin gefenta kashi 45 na faɗin, wato milimita 101, wilin kuma inci 17. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: V kilomita 240 a awa, W 270, Y 300. Akwai kuma lambobi huɗu da ke faɗin lokacin da aka yi ta, misali 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Tayar da ta haura shekara shida robarta ta fara bushewa, ko da zanenta na nan kamar sabuwa, kuma busasshiyar roba ba ta kama titi.

In za ka ƙara girman wili, sai ka rage gefen taya don girman gaba ɗaya ya tsaya inda yake. 225/45 R17 tsayinta milimita 634 ne, 225/40 R18 kuma 637, ka ga sun dace. In bambancin ya wuce kashi 3, agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya, na'urar ABS mai hana taya kullewa in an taka birki ita ma ta rikice. Kuma babban wili ado ne kawai in ya fi na asali nauyi, domin nauyin da ke juyawa a ƙafa ya fi na cikin but cutar da tafiya. Awo uku ake dubawa kafin a saya. Akwai tsarin ramukan noti, kamar 5x100 a Toyota 86 ta farko, 5x114.3 a 350Z, 5x120 a E46. Akwai faɗin ramin tsakiya. Sai lambar ET, wadda ke nuna ko wilin zai shige ciki ya gogi ƙafa, ko ya fito waje ya gogi bodi. A ɗaure noti da sifana mai awo, ana tsallake ɗaya zuwa na gabansa, daidai lambar da littafin motar ya faɗa, a sake dubawa bayan kamar kilomita 80.

Iska kuwa da sanyin taya ake aunawa. Duk ƙarin zafi na digiri 5 zuwa 6 yana ƙara kusan psi 1, wato ma'aunin matsin iska. A filin tsere takan hau da psi 6 ko fiye, shi ya sa ake aunawa da zarar an fito a rage. Kada ka manta ka mayar da ita kafin ka hau titi.

Birki

Nan ne ya kamata a daɗe. Aikin birki shi ne mayar da gudu zafi, kuma zafin ba daidai da gudu yake hauhawa ba. Tsayar da mota daga kilomita 140 yana haifar da kusan ninki biyu na zafin tsayar da ita daga 100.

Birki iri biyu yake gajiya, kuma ƙafarka za ta gaya maka wanne ne. In fedal na nan da tauri amma motar ba ta rage gudu, takalmin birki ne ya wuce zafin da yake iya ɗauka. In fedal ya yi laushi ya nutse har ƙasa, man birki ne ya tafasa, tururi ya shiga bututu, shi kuwa tururi matsewa yake yi. Na biyun ya fi haɗari, ya kuma fi arhar magani. Man birki aji-aji ne, da lambar DOT ake gane su: sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230, DOT 5.1 kuma 260. Matsalar ita ce man yana shan danshi daga iska, har DOT 4 da ya tsufa ya sauko wajen 155. Don haka a canja shi duk shekara biyu, a kuma canja kafin shiga filin tsere. Kada sunan DOT 5 ya ruɗe ka, shi na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran, bai kuma dace da mota mai ABS ba. Wajen fitar da iska, galibi daga ƙafar da ta fi nisa da tukunyar man ake farawa, a riƙa cika tukunyar kada ta ƙafe.

Takalmin birki na tsere ba na titi ba ne. Sai ya yi zafi yake kamawa, da sanyin safiya kuwa ƙara yake yi yana cin faifai. Mai hawa titi kullum ya nemi na tsaka-tsaki. In an sa sabo, a zaunar da shi a hanyar da babu kowa: a kai kilomita 100, a take da ƙarfi har gudu ya sauko kamar 15, kada a tsaya cak, a maimaita sau takwas zuwa goma, sannan a yi tafiyar mintuna goma ba tare da birki ba don ya huce. In ka tsaya ka danne fedal alhali faifai na da zafi, takalmin zai bar tabonsa a wuri ɗaya, daga baya sitiyari ya riƙa rawa in ka taka birki. Sau da yawa abin da ake cewa faifai ya lanƙwashe wannan tabon ne.

Manyan birkin nan masu launi da ake sha'awa, gaskiyarsu ita ce ba sa rage nisan tsayawa ta farko. In birkin asali yana iya tayar da ABS, to taya ce iyakarka. Amfaninsu jure zafi ne a tsayawa ta goma da ta ashirin. Faifai mai huda kuma yakan tsage daga bakin ramukan, mai tsagi ya fi shi ƙarko.

Ƙafafu

Sauke mota da milimita 25 zuwa 30 ya wadatar. In ta wuce haka, shakazoba ba ya samun wurin motsi, motar ta riƙa dukan robar ƙarshe, taya ta riƙa tsalle a kwana maimakon ta manne. Gajeren sifirin a kan tsohon shakazoba kashe shi yake yi da wuri, gara a canja su tare. Yanke sifirin da abin yankan ƙarfe kuwa, ba ma maganarsa.

Duk lokacin da aka taɓa tsayin mota sai an sake saita ƙafa. Karkatar saman taya zuwa ciki da digiri 1 zuwa 1.5 ta isa titi, masu filin tsere sukan kai 2.5 ko 3. Amma abin da ya fi cin taya shi ne bakin tayoyin ya buɗe ko ya tsuke fiye da ƙa'ida. Sandar da ke hana mota kwanciya a kwana ma a yi hattara da ita: in aka ƙarfafa ta baya, bayan motar zai fi saurin zamewa, in ta gaba ce, motar za ta fi son miƙewa ko ka murɗa sitiyari.

Zafi

Ka sa gejin zafin baƙin mai, domin agogon ruwa da ke gaban direba ba ya nuna shi. Tsakanin digiri 90 da 110 lafiya ne. In ya doshi 130, ɗaga ƙafa. Wanda motarsa ke yawan kai wa nan ya sa ƙaramin lagireton mai, amma mai tamostat, wato bawul da ke buɗewa sai mai ya yi zafi, don kada man ya kasa ɗumi a tafiyar gari. Kafin gudu mai tsanani man ya kasance a layin sama na sandar awon mai, saboda a doguwar kwana yakan taru gefe guda famfo ya zuƙi iska, kuma daƙiƙu kaɗan na haka sun isa inji ya buga. Mai turbo, bayan ya ba ta wuta, ya bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu yana juyi kafin ya kashe.

Sai inji

In injinka ba shi da turbo, kada ka sa rai da yawa. Salansa da matatar iska za su ba ka sauti, ƙarfin kuwa 'yan dawakai ƙalilan, ba girin-girin ba, ta yi mai. Buɗaɗɗiyar matata da ke zuƙar iska kusa da inji ma rage ƙarfi take yi, tunda duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage kaurin iska da kusan kashi 3. Matata mai shan mai, in an cika mata, tana ɓata na'urar awon iska. Sa wa injin da bai zo da turbo ba turbo babban aiki ne. Na Toyota 86, misali, matsinsa 12.5 ne zuwa 1, ba ya ɗaukar iska mai yawa sai an canja fistin.

Injin turbo ne ke amsa kira. Sake tsara ƙwaƙwalwar motar kaɗai yakan ƙara kashi 15 zuwa 25. Abokin gaba a nan shi ne ƙwanƙwasa, wato mai ya fashe da kansa a cikin silinda maimakon ya ci a jere daga tartsatsin fulogi. Sautinta kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma ita ke fasa fistin. Abin da ke kawo ta: fetur mai ƙarancin okten (lambar da ke nuna jurewarsa ga ƙwanƙwasa), iska mai zafi, tartsatsin fulogi da ya zo da wuri fiye da kima, ko mai da ya yi kaɗan. A tafiyar yau da kullum inji na haɗa iska 14.7 da fetur 1, amma in turbo na turawa totur a ƙasa, ana son wajen 11.5 zuwa 12, don rarar man tana sanyaya silinda. A tsara ƙwaƙwalwar da irin fetur ɗin da za ka riƙa sha kullum, ba wanda ka samu sau ɗaya ba, kuma a kan daino, na'urar da ake ɗora mota a auna ƙarfinta, ana kallon haɗin mai da ƙwanƙwasa a allo. Fayil ɗin da aka sauke daga intanet bai san injinka ba.

Ƙarin ƙarfi yana jan wasu kaya. Intakula babba, wato mai sanyaya iskar turbo, don ta asali takan ƙoshi da zafi bayan ɗiba biyu ko uku. Fulogin da ya fi na asali saurin zubar da zafi da mataki ɗaya, a tsuke bakinsa zuwa milimita 0.6 ko 0.7 kada matsi ya kashe tartsatsi. Nozul mai fesa fetur kada aikinsa ya wuce kashi 85 na iyakarsa, in ya wuce a sa manya tare da famfon mai. Kuloci kuma ga gwajinsa: sa giya ta huɗu ko ta biyar a ƙaramin gudu, take totur duka. In allurar juyin inji ta tashi gudu bai ƙaru ba, ya fara zamewa.

Zama da ita

Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a tuƙa, a rubuta kwanan wata da kilomita. In ka canja uku tare matsala ta ɓullo, ba ka san wanda za ka kama ba. Ka adana kayan asali, domin ranar sayarwa mai saye ya fi yarda da motar da ba a taɓa ba. Kamfanin inshora ya san abin da ka yi, in ba haka ba yana iya ƙin biya ranar haɗari, garantin inji kuma yakan tafi da zarar an taɓa ƙwaƙwalwa. Cire matatar hayaƙi daga salansa laifi ne a ƙasashe da yawa. Baƙin mai a rage masa wa'adi da kamar rabi in ana matsa wa motar.

Kejin ƙarfen da ake sa wa motar tsere a ciki don kare direba in ta kife kuwa, don mai hular kwano aka yi shi. A titi, kai ba hula, ƙarfen da ke kusa da kunnenka shi ne zai fara samunka in an yi karo. In motar ta titi ce, bar mata bel ɗinta da jakar iskar sitiyarinta yadda kamfani ya sa su.